Tambaya da Amsa: Ta Ina Zan Fara da Ƙaramin Jirgi Mai Injin Jet?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina kallon bidiyon ƙananan jiragen sama da ake tuƙawa da rimot, musamman masu injin jet na gaske, har na fara tara kuɗi domin in mallaki ɗaya. Ban taɓa tuƙa kowane irin jirgi ba. Wane inji za ku ba ni shawarar in saya, kuma me zan tanada?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Shawarata ta farko ita ce ka jinkirta sayen injin, domin a wannan fanni injin shi ne abu mafi sauƙi, hannun matuƙi kuwa shi ne mai wuyar samu. Tun bayan da Bajamushe Kurt Schreckling ya nuna a farkon shekarun 1990 cewa mutum zai iya ƙera irin wannan inji a gida, kamfanoni kamar JetCat na Jamus da KingTech na Taiwan sun inganta shi har ya zama wata ƙaramar kwamfuta ce ke tayar da shi, tana auna zafinsa, tana kuma daidaita man da famfo ke tura masa. Abin da kwamfutar ba za ta yi maka ba shi ne saukar da jirgin lafiya.

Da rarrafe yaro kan tashi. Ka fara da manhajar koyon tuƙi a kwamfuta, sannan jirgin koyo mai farfela a hannun malami wanda rimot ɗinsa ke haɗe da naka, ta yadda zai karɓe tuƙin idan ka rikice. Daga nan sai jirgi mai gudu, sai kuma mai siffar jet wanda batir ke juya fankarsa a cikin bututu. A Amurka, ƙungiyar masu wannan sha'awa ta AMA ba ta barin mambanta ya tuƙa mai injin jet sai ya sami izini na musamman bayan ƙwararru sun shaida iyawarsa, kuma ta ƙayyade gudun a kan mil 200 a awa, wato kimanin kilomita 320. Ina ganin wannan tsari abin koyi ne ko a inda ba a tilasta shi ba.

Dalilin wannan tsanani yana cikin halin injin kansa. Idan yana silo yakan juya kimanin sau 35,000 a minti, idan aka ba shi wuta sosai kuma ya haura 120,000, kuma hawa daga wannan zuwa wancan yana ɗaukar daƙiƙoƙi. Mai jirgin farfela da ya ga saukarsa ta ɓaci yakan tura totur jirgin ya amsa nan take, ga kuma iskar farfela tana bugun jela tana ba shi iko. Mai jet ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun. Ka ƙaddara jirginka ya doso titin sauka, hancinsa ya ɗan ɗaga, gudunsa na raguwa, sai ka lura zai faɗi kafin ya kai bakin kwalta; ka tura totur, kana jin kukan injin yana hawa a hankali, jirgin kuwa yana ci gaba da nutsewa. Dole ne ka koyi yanke shawara tun kafin matsalar ta bayyana, kuma wannan ba ya samuwa sai da yawan sauka da tashi.

Idan lokacin ya yi, ka zaɓi jirgi mai faɗin fukafukai wanda ke iya tafiya a hankali, ka bar kwaikwayon jiragen yaƙi tukuna, komai kyawunsu. Inji mai ƙarfin tura kilo 8 zuwa 10 ya wadatar. Man injin kananzir ne ko man jirgin sama da aka gauraya da man shafawa kimanin kashi 5 cikin 100, domin da wannan gaurayen ne boris ɗin injin ke samun laushi. Yawancin kamfanoni suna son a mayar musu da injin don sabis bayan awa 25 na aiki.

Abubuwa biyu ne nake roƙonka kada ka yi musu sakaci. Na farko, ƙaramin tankin da ke tare kumfar iska kafin mai ya isa famfo, saboda kumfa guda a cikin tiyo tana iya kashe injin a sararin sama. Na biyu, tukunyar kashe gobara mai iskar CO2 a kusa da ƙafarka duk lokacin da za a tayar da inji, domin iskar da ke fita ta salansa takan haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyos, kuma man da ya taru a ciki yana iya kamawa da wuta. Tukunyar kashe gobara mai hoda takan lalata injin. Ka kuma saita rimot ɗin yadda injin zai mutu da kansa idan sadarwa ta yanke, sannan ka bincika dokokin hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasarka game da rajista da wuraren da aka yarda a tashi, kafin ka biya kuɗin komai.