Hukuncin koyon dabarun faɗa da niyyar shiga MMA, da makarantar da ta dace a zaɓa

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne ɗan shekara 19 a Kaduna. Tun ina yaro nake kokawa a ƙauyenmu bayan girbi, yanzu kuma burina in zama ɗan wasan MMA, wato faɗan da ake haɗa dambe da kokawa da sauran dabaru, irin wanda ake yi cikin keji. Wurare uku ne a gabana: kulob ɗin damben zamani a unguwarmu, ajin taikwando mai arha, da wurin judo da jujitsu mai nisa, sai na hau mota biyu. Mahaifiyata ba ta so, mahaifina ya ce in tambayi malamai. Wanne zan zaɓa, kuma mene ne hukuncin abin? Na ga Musulmi irin su Khabib, shahararren ɗan wasan MMA na ƙasar Rasha, suna yi, har suna sujada idan sun yi nasara.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka wa mahaifinka da alheri da ya ce a tambaya kafin a shiga. Ɗana, abu biyu ka haɗa a tambayarka, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne: akwai koyon dabarun faɗa, akwai kuma mayar da dukan mutum cikin keji sana'a. Idan ka raba su, zaɓen makaranta zai zo maka da sauƙi.

Koyon halal ne, kuma da kyakkyawar niyya har lada ake samu. Muslim ya ruwaito cewa mumini mai ƙarfi ya fi alheri kuma ya fi soyuwa ga Allah a kan mumini mai rauni, ko da yake kowannensu akwai alheri tare da shi. Abu Dawud da Tirmizi sun kawo cewa Annabi (SAW) ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi. Akwai magana a kan isnadin, amma malamai sun kafa hujja da shi saboda hanyoyinsa suna ƙarfafa juna. Malaman sira kuma sun ambaci Samura ɗan Jundub da Rafi'u ɗan Khadij, samari ƙanana, da suka yi kokawa a gabansa lokacin fita Uhudu. A irin halin tsaron da muke ciki, saurayin da ya iya kare kansa da iyalinsa ba abin zargi ba ne.

Gasar MMA ta ƙwararru ita ce inda maganar ta canza. Mutum biyu ake rufewa a keji, turmi uku ko biyar, kowane turmi minti biyar, da safar hannu marar kauri. An yarda a naushi fuska, a sa gwiwar hannu, a kai ƙafa ga kai, a hau kan wanda ya faɗi a ci gaba da dukansa har alƙalin wasa ya shiga tsakani. Nasarar da aka fi yi wa tafi ita ce wadda abokin karawa ya suma. Ka tuna abin da ya sami Kamaru Usman, ɗan wasan MMA haifaffen Auchi, a watan Agustan 2022: yana gaba a maki, saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, Leon Edwards ya kai masa ƙafa a kai, ya zube bai san inda yake ba. Wannan ba tsautsayi ba ne da ya faɗo cikin wasa. Shi ne abin da ake horar da mutum ya yi, kuma a kansa ake biyan sa.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa idan ɗayanku zai yi faɗa, to ya nisanci fuska. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa babu cuta babu cutarwa. Allah kuma ya ce a Baƙara, aya ta 195, kada mu jefa kanmu cikin halaka. A kan waɗannan dalilai Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmin Duniya, a zamanta na goma a Makka cikin Safar 1408, wato Oktoban 1987, ta yanke cewa dambe irin na fagen gasa haramun ne, haka ma kokawar da aka sakar wa kowa mara ya cutar da abokinsa, sannan ta halatta kokawar da babu cutarwa a cikinta. A lokacin ba a ma fara UFC ba, wato babbar gasar MMA, sai a 1993, amma dalilin haramcin ya fi bayyana a MMA fiye da damben da suka yi magana a kai. Wannan shi ne abin da nake bayar da fatawa da shi. Kuma kada a ce don abin na Turawa ne: damben gargajiyarmu, da naɗin zare a hannu da neman kisa, wato kai abokin karawa ƙasa da naushi, hukuncinsa ke nan.

Na san abin da samari ke cewa: ai da yardarsu suka shiga. Yarda tana aiki ne a kan abin da mutum ya mallaka, jikinka kuwa amana ce a hannunka. Wanda ya ce maka fasa mini ido na yafe, yafewarsa ba ta halatta maka fasawar. Wasu sun ce hadisin fuska a kan faɗan fushi yake, bai shafi wasa ba. To idan an hana taɓa fuska a lokacin da mutum ke da uzurin fushi, ko lokacin ladabtarwa, ina ga dukan da babu dalilinsa sai kuɗi da tafin 'yan kallo? Likitoci ma sun tabbatar da cewa duka a kai, idan ya yi ta maimaituwa, yana lalata ƙwaƙwalwa sannu a hankali, sai bayan shekaru a ga mantuwa, da nauyin harshe, da canjin hali. Shi kuwa Khabib, muna yi masa kyakkyawan zato, muna yaba yadda bai ɓoye addininsa ba, amma aikin wani Musulmi, komai shahararsa, ba ya zama dalili a shari'a, kuma sujada bayan aiki ba ta sauya hukuncin aikin.

Cikin wuraren nan uku, ka tafi na judo da jujitsu, ko da sai ka hau mota biyu. Su ne 'yan'uwan kokawar da ka taso da ita: kamawa, kayarwa, dannewa, ba naushi. Mutum zai shekara goma yana yi ba a taɓa fuskarsa da duka ba. Ko ta fuskar gwaninta ba ka yi asara ba. Royce Gracie da jujitsu ya cinye gasar UFC ta farko, ya kayar da waɗanda suka fi shi jiki, kuma Khabib da Kamaru duka a kokawa suka ginu. Ban kawo wannan don in nuna maka hanyar keji ba. Na kawo shi ne don ka san cewa ɓangaren da shari'a ta buɗe maka ba shi ne ragowar fannin ba, shi ne ginshiƙinsa.

Sai dai sunan fanni ba ya wanke makaranta. Kafin ka biya ko sisi, ka je ka zauna ka kalli darasi guda daga farko har ƙarshe, ka sa ido a kan mai horarwa. Yaya yake yi da sabon shiga? Idan ka ga ana jefa baƙo a hannun tsofaffin ɗalibai su murƙushe shi wai don a gwada zuciyarsa, ka tashi ka tafi. A jujitsu akwai shaƙe wuya da murɗa gaɓa, kuma shaƙar tana tare jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa, cikin 'yan daƙiƙoƙi mutum ya suma. Abin da ya sa koyonta ya halatta shi ne ƙa'idar sallamawa: wanda aka kama ya bubbuga da hannu, a sake shi nan take. Wurin da ake jinkirin saki, ko ake yi wa mai sallamawa dariya har yaro ya gwammace ya suma, ya fita daga abin da na halatta maka. Ka duba shimfiɗar ma, ana goge ta? Makero da sauran cututtukan fata ta nan suke yaɗuwa.

Akwai abubuwan da za ka faɗa wa mai horarwa tun ranar farko, cikin ladabi. Ba ka kokawa da mace. Idan an kira sallah za ka fita, domin yawancin darussan nan da yamma ake yi, suna cin Magariba. Ba ka rusunawa ga hoton Jigoro Kano, Bajapanen da ya kafa judo a 1882, wanda ake ratayewa a wasu wuraren, kuma tsakaninka da abokin horo musafaha ta wadatar, don Tirmizi ya ruwaito daga Anas cewa an tambayi Annabi (SAW) ko mutum zai rusuna wa ɗan'uwansa idan sun haɗu, ya ce a'a. Mai horarwa na ƙwarai ba zai kore ka a kan wannan ba. Tufafin judo suna da sutura, amma idan ranar da ake horo ba tare da waɗannan tufafin ba ce, ka sa wando mai rufe gwiwa. Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa cinya al'aura ce, ko da ba ta kai al'aura babba ba. Laya da guru da kambun da aka saba gani a fagen kokawa, ka bar su inda ka gan su.

Idan kuɗin mota ya gagara, za ka iya zuwa kulob ɗin dambe ka tsaya a kan dukan buhu, tsallen igiya, da koyon kauce wa naushi. Amma ka sani can za a matsa maka ka shiga fage, kuma hular kariya tana hana tsagewar fata ne kawai, ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza. Taikwando, wasan da Alfaga na Nijar ya ci lambar azurfa da shi a Rio a 2016, yana da kyau wajen motsa jiki, sai dai a gasarsa bugun kai ya fi bugun ƙirji maki, don haka matsalar tana nan.

Gasar judo, jujitsu ko kokawa kuwa babu laifi ka shiga. Khalil ya ce a Mukhtasar gasa ta halatta a abin da ba doki, raƙumi ko harbi ba idan kyauta ake yi, ba kuɗi. Malamai da dama na wannan zamani sun sauƙaƙa idan kyautar daga wani na uku ta fito, kamar gwamnati, irin gasar kokawa ta Takobi da Nijar ke yi tun 1975. Abin da babu saɓani a kansa shi ne haramcin 'yan wasa su zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe, da cacar 'yan kallo. Ka kuma guji ƙona jiki da ƙishirwa don rage nauyi kafin awon nauyi na gasa. A Disambar 2015 wani matashin ɗan wasa ɗan ƙasar Sin, Yang Jian Bing, ya rasu a kan haka.

Saura mahaifiyarka. Wanda ya zo neman izinin jihadi ma Annabi (SAW) ya mayar da shi ga iyayensa, balle wasa. Ina zaton jinin da take gani a waya ne ya tsorata ta, kuma tana da gaskiya. Ka zauna da ita ka ce ka bar maganar keji, ka nuna mata yadda ake horon judo, ka roƙi mahaifinka ya raka ka ya ga wurin da idonsa. Idan ta amince, ka fara. Idan ta ƙi, ka dakata ka ci gaba da lallashi, kada ka tafi a ɓoye.

Wallahu a'alam.