Maigidana ya rasu a Amurka: zan iya cike takardar haraji da sunanmu duka biyu?

Tambaya: Maigidana ya rasu a watan Maris, ya bar ni da yara biyu ƙanana a nan Amurka. Tare muke cike takardar haraji kowace shekara. Bana yaya zan yi?

Amsa: Allah Ya jiƙansa, Ya ba ki haƙuri. Hajiya, a wurin IRS, hukumar haraji ta Amurka, ke matar aure ce har ƙarshen shekarar da ya rasu, saboda haka za ki iya cike fom 1040 na haɗin gwiwa yadda kuka saba. Amfanin ba ƙarami ba ne: a shekarar 2024, dala 29,200 aka cire wa ma'aurata daga kuɗin shigarsu kafin a lissafa haraji, mai cikewa shi kaɗai kuwa 14,600.

Sharaɗin shi ne kada ki sake aure kafin shekarar ta ƙare. Takaba wata huɗu da kwana goma ce, kafin Agusta ta ƙare kin fita. Idan aka ɗaura sabon aure kafin 31 ga Disamba ta wuce, haɗawa da marigayin ta faɗi, sai a cike masa tasa daban.

Ki sa kuɗin shigarki na shekara gaba ɗaya, nasa kuma zuwa ranar rasuwa kawai, har da kuɗin hayar gida idan yana da shi a Kano ko Yamai. Abin da dukiyarsa ta samar bayan nan na magada ne ko na dukiyar gadon, wadda ke cike fom 1041 idan ya kai dala 600. A saman takardar 1040 ki nuna cewa ya rasu ("Deceased"), tare da ranar rasuwa. Idan kotu ba ta naɗa mai kula da gado ba, ki sa hannu ki rubuta "Filing as surviving spouse". Idan ta naɗa, ke da mai kula da gadon za ku sa hannu. Karɓar rarar kuɗin harajin da IRS za ta mayar muku ba ta buƙatar fom 1310, wanda ake cikewa don karɓar rarar harajin mamaci.

Inda nake jan kunnenki: da zarar kin sa hannu, duk bashin harajin takardar ya hau kanki, har da nasa. Idan yana tuƙa tasi ko yana sana'ar tsabar kuɗi wadda ba ki san lissafinta ba, ki zauna da akanta tukuna. Cikewa daban ya fi tsada, amma wani lokacin ya fi kwanciyar hankali. Akwai fom 8857 na neman sassauci daga baya, sai dai IRS ba ta amincewa da shi cikin sauƙi.

Wa'adi 15 ga Afrilu ne na shekarar da ke bin ta rasuwar. Fom 4868 yana ɗaga cikewa zuwa 15 ga Oktoba, amma ba ya ɗaga biya.

Shekaru biyun da za su biyo baya, muddin yaran suna gidanki, ke ke ɗauke da fiye da rabin hidimar gidan, kuma ba ki yi aure ba, za a lissafa miki haraji da ma'aunin ma'aurata, a takarda mai sunanki ke kaɗai.