Tambaya da Amsa: Me Ya Hana Aretha Franklin Tashi da Wuri?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina jin ana kiran Aretha Franklin sarauniyar waƙar soul a Amurka, sai kuma wani ya ce mini ta shekara shida tana fitar da faifai ba su yi kasuwa ba. In muryar tata haka take tun farko, me ya danne ta? Sannan da gaske ne waƙar da aka fi saninta da ita ba tata ba ce?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Wanda ya ba ki labarin bai yi ƙarya ba, kuma ni ma abin ya daɗe yana ɗaure mini kai, har sai da na zauna wani dare na jera faifanta na farko da na baya ina sauya su ɗaya bayan ɗaya. Murya ɗaya ce. Abin da ya bambanta shi ne inda aka zaunar da mai muryar.

An haife ta a Memphis a 1942, ta tashi a Detroit, inda mahaifinta C. L. Franklin yake limamin cocin New Bethel. Mutumin ya yi suna da wa'azi har ana sayar da faifansa, gidansa kuma masaukin manyan mawaƙan coci ne irin su Mahalia Jackson da Clara Ward. A nan yarinyar ta koyi fiyano da kunne, ba a makaranta ba. Tana shekara 14 aka naɗi muryarta a cikin cocin, tana kaɗa wa kanta fiyano. Ki riƙe maganar fiyanon nan, za mu dawo kanta.

A 1960, tana shekara 18, kamfanin Columbia ya ɗauke ta. John Hammond, wanda ya jawo ta, ya san aikinsa, don shi ne ya fito da shahararriyar mawaƙiyar jazz Billie Holiday. To amma kamfanin bai tsayar da abin da yake so ya yi da ita ba. Yau a ba ta jazz, gobe waƙoƙin wasan dandali, jibi a jibga mata tarin masu goge a bayanta, ita kuma tana tsaye gaban makirfo kamar baƙuwa a gidan biki. Ban ce faifan ba su da daɗi ba, akwai waɗanda nake saurara har yau. Sai dai in kin saurara za ki ji mace tana taka-tsantsan, tana rera abin da aka tsara mata. Da kwantiraginta ya ƙare a 1966, kamfanin ne ma yake bin ta bashi, domin a tsarin Amurka kuɗin da aka ba mawaƙi a gaba ana cire shi ne daga kasonsa na ciniki, cinikin kuwa bai kai ba.

Sai Jerry Wexler na kamfanin Atlantic ya ɗauke ta. A watan Janairun 1967 ya kai ta wani ƙaramin situdiyo mai suna FAME a Muscle Shoals, jihar Alabama, wajen wasu samarin makaɗa, yawancinsu farar fata ’yan karkara. Dabarar da ya yi ba ta da yawa: ya zaunar da ita a kan fiyano, ya sa makaɗan su bi ta. Ita ke ja, su ke amsawa, kamar yadda ake yi a cocin babanta. Mai waƙar da take kaɗa wa kanta ta san inda za ta ja numfashi, inda za ta jinkirta, inda za ta saki murya, kuma babu takardar da za ta faɗa wa makaɗi wannan. A ganina duk sirrin yana nan.

Zaman ma bai ƙare lafiya ba. Rigima ta kaure tsakanin mijinta na lokacin, Ted White, da mutanen situdiyon, aka watse da waƙa ɗaya tak da aka kammala, “I Never Loved a Man”. Waccan ɗayar ta hau saman jadawalin waƙoƙin R&B, wato salon kiɗan baƙar fatar Amurka da soul ta fito daga cikinsa. Wexler ya kwaso makaɗan zuwa New York aka ƙarasa faifan a can. Daga 1968 zuwa 1975 ita ce take ɗauke babbar kyautar waƙa ta Amurka, Grammy, ta mace mafi iya rera R&B, shekara takwas a jere, a 1987 kuma ta zama mace ta farko da aka shigar Rock and Roll Hall of Fame, zauren karrama manyan mawaƙa.

Tambayarki ta biyu kuwa, e, gaskiya ne. Waƙar ita ce “Respect”, wato girmamawa, kuma mawaƙi Otis Redding ne ya rubuta ta, ya fitar da ita a 1965. A bakinsa magidanci ne yake neman a girmama shi in ya dawo gida da kuɗi. Aretha ta juya ta, ta zama mace ce ke neman girmamawar, ta ƙara da furta haruffan kalmar ɗaya bayan ɗaya, ’yan’uwanta Erma da Carolyn suna yi mata amshi. A 1967, lokacin da baƙar fata ke fafutukar neman ’yanci kuma mata ke ɗaga murya, waƙar ta kai lamba ɗaya a jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe na mujallar Billboard. Kowa ya ji kamar da bakinsa aka yi.

Amma a takarda ta Redding ce. Dokar Amurka ta ce gidan rediyo na AM da FM yana biyan marubucin waƙa da mai haƙƙin wallafarta, ba ya biyan wanda ya rera. Redding ya rasu a haɗarin jirgin sama a Disambar 1967, don haka kason marubuci ya koma hannun magadansa. Aretha ta samu nata daga cinikin faifai da wasanni, kuma a wasannin ba ta wasa: an san ta da karɓar kuɗinta lakadan kafin ta hau dandali, ta zuba a jakar hannu, ta shigo da jakar ta ajiye inda idonta zai riƙa ganinta. Ta rasu a Detroit ranar 16 ga Agusta, 2018, tana da shekara 76.