Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro Zai Iya Turo Mana Soja?

Tambaya: Malam, wata biyu ke nan ba ma barci a ƙauyenmu saboda 'yan bindiga. Wani ya zo ya ce yana da hanya a ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, mu haɗa kuɗi gida-gida ya kai, za a turo mana soja. Dattawanmu sun yarda, suna cewa ai tun zamanin Sarki Mukhtar mai wannan kujera ne ke riƙe da sojoji. Haka ne? Daga wani mai karatu a jihar Katsina.

Amsa: Allah ya kawo muku sauƙi, ya tsare ku da iyalanku. Kada ku ba mutumin nan ko sisi.

Na gane dalilin da ya sa dattawa suka kama sunan Manjo Janar Abdullahi Sarki Mukhtar. Shi ne gwamnan Katsina na farko da aka ƙirƙiro jihar a 1987, daga nan aka mayar da shi Kaduna a 1988. Bayan ya tuɓe kaki Obasanjo ya tura shi Rasha jakada, sannan a 2006 ya ɗora shi a kujerar mai ba da shawara kan tsaro da Aliyu Gusau ya sauka. 'Yar'aduwa ya ci gaba da shi, har Jonathan ya sauke shi a Maris 2010, lokacin yana riƙon ƙwarya. Wanda ya gan shi da kaki a gidan gwamnati, dole ya ɗauka har gobe yana ba soja umarni. To ba haka ba ne. Ranar da janar ya yi ritaya, ko kurtu ɗaya ba ya ƙarƙashinsa. A Mosko aikinsa magana ne da rubuta rahoto, kuma aikin da ya dawo ya tarar a Abuja ya fi kama da wancan fiye da na bariki.

Wannan kuskuren nake ji kullum, har a bakin masu digiri, kuma yana ƙona mini rai domin da shi ake cin talakawa. Mai wannan kujera ba shi da bataliya. Dokar 1986 da ta rushe NSO, tsohuwar hukumar tsaron ƙasa, ta haifar da hukumomin leƙen asiri uku, SSS ta cikin gida, NIA ta waje, DIA ta soja, kuma aikin mai kujerar ya tattara abin da suka gano, ya daidaita tsakaninsu, ya kai wa shugaban ƙasa. Umarnin tura soja kuwa daga shugaban ƙasa yake saukowa zuwa manyan hafsoshi, zuwa kwamandan runduna, zuwa birged. Ƙarfin mai ba da shawara kunnen shugaba ne kawai. In shugaba na sauraronsa, kowa na shakkarsa. In ya daina, rana ɗaya ake sallamarsa, kamar yadda aka yi wa Mukhtar ɗin, aka kuma yi wa Janar Azazi, wanda shi ma ya riƙe kujerar, a 2012. Ba ma dole ya zama soja ba. Isma'ila Gwarzo na zamanin Abacha ɗan sanda ne, haka Nuhu Ribadu da aka naɗa a 2023. Shi kansa mai kujerar ba ya ɗaga waya ya ce a kai mota biyu ƙauye kaza, balle wani mai babbar riga da katin shaida na bogi. Sai mutane sun sayar da awakinsu da hatsin da za su ci, shi kuma mai karɓar kuɗin ya kashe waya. Wani lokacin ma mai karɓar kuɗin shi ne ke kai wa 'yan daji labarin wa ke da abin hannu a gari, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

Ku rubuta koke, mai gari da hakimi su sa hannu, da ranakun hare-hare da hanyoyin da maharan ke bi. Ku kai wa shugaban ƙaramar hukuma da DPO da ofishin SSS na yankinku, ku aika kwafi ga birged ta 17 a Katsina, ku matsa wa ɗan majalisarku. Ana jan ƙafa, na sani, amma ba a biyan ko kwabo. Sunan mutumin nan da lambarsa kuwa, ku haɗa da su cikin abin da za ku kai wa SSS.