Nawa zan shafa wa furosesa?

Tambaya: Malam barka da aiki, karo na farko kenan nake haɗa kwamfuta da kaina, man nan da ake sawa tsakanin furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) da fanka, in shafe ko'ina ne?

Amsa: Ƙanena kar ka labta shi da yawa don Allah, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake a tsakiya ya isa, in ka ɗora fankar ka ɗaure sukurori kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sai wadda ke kallonta, shi da kansa zai baje. Aikinsa kawai cike 'yan ramukan ƙarfen da ido ba ya gani, zafi ya samu hanyar fita. Amma leƙa ƙasan fankar tukuna, wasu na kamfanonin Intel da AMD da mansu suke zuwa. In akwai leda a manne cire ta, mutane da yawa a nan suke mantuwa.