Tambayi Injiniya: Mita ta fashe a hannuna, alhali an rubuta 1000V a jikinta

Jama'a barkanmu da wannan mako. Saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan abu ɗaya suka tattaru, wato 'yar mitar nan ta hannu da masu wayarin da masu gyaran rediyo da 'yan sola ke yawo da ita a jaka, multimita kenan, sai na tsamo guda huɗu. Ta farkon ce ta fi tsaya min a rai, a kanta zan fi daɗewa.

TAMBAYA: Injiniya barka da aiki. Ni mai wayarin ne a Kano, shekarata shida a sana'ar. Satin da ya wuce ina duba cenja-oba, wato makunnin da ke sauya wuta tsakanin Nepa da janareta, a wani gidan burodi, ina ɗora wayoyin mitata a kan layi biyu kawai sai naji ƙara kamar an harba bindiga, mitar ta tarwatse tayi baƙi ƙirin, gashin hannuna ya babbake, har yanzu kunnena na dama ƙugi yake. Abinda ya ɗaure min kai wlh 1000V aka rubuta a jikinta ɓaro-ɓaro kuma wutar wurin 415 ce. To ina dubun ta tafi?

AMSA: Sannu ɗan'uwa, Allah Ya ƙara kiyayewa, kuma don Allah ka je asibiti a duba kunnen nan kar ka ce zai wuce da kansa.

Kafin mu kama mitar da laifi bari in tambaye ka, jar wayar a wane rami take lokacin? Don in har ka auna amfiya kafin nan ka manta baka mayar da ita ramin V na auna bolt ba, to abinda ka ɗora a kan layin ba mita bace, guntun ƙarfe ne, domin tsakanin ramin 10A na auna amfiya da ramin COM na baƙar waya ba komai sai wata 'yar waya mai kauri wadda da ƙyar ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na om, ma'aunin yadda abu ke tare wuta. Ka haɗa layi biyu da hannunka kenan. Kuma ba kai kaɗai ba, ni kaina na taɓa yi ina yaron shago, kusan duk wanda ya daɗe a aikin nan ya taɓa yi, shi yasa masu ƙera mitar kirki suke ɗauka cewa dole wata rana za ka yi wannan kuskuren, sai su tanadar maka fiyus ɗin da zai iya tare shi.

A nan ake raba gari. Taransifoma mai 500kVA irin na unguwa, in aka haɗa layukanta a kusa da ita tana iya turo sama da amfiya 10,000 a ƙiftawar ido. Ɗan fiyus ɗin gilashi da ake sawa a mita mai araha, abinda aka yi shi ya iya katsewa lafiya bai wuce amfiya 35 ba. In abinda ya fi haka ya zo, zaren cikinsa zai narke amma wutar ba zata tsaya ba, zata ci gaba da tsallakawa ta cikin iska, gilashin ya fashe, tartsatsin ya cika cikin mitar ya fito ta hannunka. Wasu ma babu fiyus ɗin kwata-kwata a ɓangaren 10A, irin ƙananan nan samfurin DT830 da suka cika kasuwa in ka duba kusa da ramin za ka ga sun rubuta da Turanci cewa babu fiyus, ba su ɓoye ba, mu ne bama karantawa. Kowa ya sayi rariya ai ya san zata zubar da ruwa. Mitar kirki kuwa fiyus ɗinta na tangaran ne, kauri kamar ɗan yatsa, an cika cikinsa da yashi, in zaren ya narke yashin ne ke shanye zafin ya kashe tartsatsin, kuma an gwada shi a kan amfiya 10,000 ko fiye. Shi kaɗai kuɗinsa ya fi na wata mitar gaba ɗayanta.

To mu ce wayarka a daidai take, baka yi kuskure ba. Har yanzu dubun nan da ka gani ba ita ce magana ba. Layin wuta ba ya zama lafiya lau a 230 ko 415, in tsawa ta faɗi kusa da layi, ko aka kashe babbar mota mai jan wuta, ko aka ɗauke wuta aka dawo da ita, akan samu wani bugu na dubban bolt da ke wucewa cikin ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Shi ne yake huda mita. Saboda shi hukumar IEC ta duniya ta fitar da ƙa'idar da ake kira IEC 61010, ta kasa wuraren aiki kashi-kashi, ana kiran kowane kashi CAT: CAT II na abinda ake sokawa a soket ne, CAT III na allon rarraba wuta da cenja-oba da manyan injinan da aka haɗa kai tsaye, CAT IV kuma daga bakin shigowar wuta gida zuwa waje, wajen mitar Nepa da fol. Yadda kake matsawa kusa da taransifoma haka bugun ke ƙara ƙarfi.

A ɗakin gwaji, mitar da ke iƙirarin CAT III 600V ana dukanta da bolt 6,000, ana maimaitawa ta gaba da ta baya. CAT IV 600V da CAT III 1000V bolt 8,000 ake buga musu. Ga wurin da mutane ke ruɗewa: CAT II 1000V ita ma 6,000 ake buga mata, daidai da CAT III 600V, sai mutum ya ce ai ɗaya ne, har ma mai dubun ta fi. A'a. Injin da ke dukan CAT II an rage masa ƙarfi da om 12, na CAT III kuwa om 2 kacal, kai da kanka ka raba, 6,000 a kan 12 amfiya 500 kenan, a kan 2 kuwa amfiya 3,000. Ninki shida. Wurin da kake aiki ranar nan CAT III ne, ina kyautata zaton taka in ma akwai CAT a jikinta to II ce.

Wani abu kuma, ƙa'idar bata ce dole mitar ta ci gaba da aiki bayan dukan ba, abinda ta nema kawai kar ta fashe, kar ta kama da wuta, kar ta ja mai riƙe da ita. Ta mutu ita kaɗai ta bar ka da yatsunka goma.

TAMBAYA: Malam ni a Sabon Gari nake sayen kayan aiki, kuma yanzu kowace mita ka ɗauka, har ta 'yan kuɗi kaɗan, an buga mata CAT III da CE. Ya za a yi mutum ya gane ta gaske? Daga wani mai gyaran fanka da injin ruwa, Zariya.

AMSA: Gaskiyarka ɗan'uwa, fenti ba ya tsada. Alamar CE ɗin nan ba wata hukuma ce ke bayarwa bayan gwaji ba, kamfani ne da kansa yake cewa kayana sun cika sharuɗɗan Tarayyar Turai, ya buga abinsa. Kamfanin kirki zai faɗi gaskiya, na banza kuma wa zai hana shi? Abinda ya fi nauyi shi ne tambarin ɗakin gwaji mai zaman kansa, UL ko ETL na Amurka, CSA na Kanada, TÜV na Jamus, waɗannan su ne ake kai musu mita su dake ta da gaske, kuma suna da rumbu a intanet da za ka sa sunan kamfani ko lambar fayil ka gani ko suna ciki. Su ma ana satar tambarinsu, shi yasa nace ka duba. Ka kuma lura da wayon rubutu, "an tsara ta bisa IEC 61010" daban, "an gwada ta an tabbatar" daban.

In mai shago ya yarda, ko in ka riga ka saya, kwance bayanta ka leƙa, gani ya kori ji. Fiyus na tangaran ne ko na gilashi, kuma bolt nawa aka rubuta a jikinsa? In fuskar mita ta ce 1000V fiyus ya ce 250V to magana ta ƙare. Kusa da ramukan ya kamata ka ga wasu 'yan faya-faye masu kama da ƙwayar magani, shuɗi ko kore, su ne MOV da PTC masu shanye bugu, sannan ka ga an yanka tsaga a jikin allon don wuta ta rasa hanyar rarrafawa daga wannan rami zuwa wancan. In ka buɗe ka tarar da fili fetal, ɗan allo kamar katin waya da wayoyi sirara, ka bar ta wa batir da rediyo.

Kuma ba sai mitar kamfanin Fluke ba, na san kuɗinta ba na kowa bane, ga shi jabunta sun yi yawa. Brymen ta Taiwan, Hioki da Kyoritsu na Japan duk suna yin masu kyau. Kamfanonin Sin ma suna da masu kyau suna da na wasa, samfurin za ka bi ba sunan ba.

TAMBAYA: Injiniya mu 'yan sola kullum muna kan rufin kwano, ga ƙurar hunturu ga zufa ga faɗuwa, a shekara ɗaya na kashe mita uku. Akwai wadda ke jurewa? Sannan inbata ta wani kwastoma mita tana nuna 185 amma kayan gidan na aiki lafiya, ita ma ta lalace kenan? Daga Maraɗi.

AMSA: Ƙanena mita uku a shekara ai ka riga ka biya kuɗin mai kyau ɗaya. Gwajin faɗuwa da ke cikin ƙa'idar na tsawon mita 1 ne a kan katako mai tauri, rufin gida kuwa ya ninka haka uku. Akwai waɗanda aka yi don wahala, Fluke 28 II an gwada ta a mita 3, 87V MAX a mita 4, duka biyun IP67 ne. Lambar farko ta ƙura ce, 6 na nufin ƙura bata shiga sam, ta biyun ta ruwa ce, 7 na nufin ta yi minti 30 a nutse cikin ruwa mai zurfin mita 1. Ko baka kai nan ba nemi mai rigar roba mai kauri ka ɗaura mata igiya a ƙugunka, kuma ka daina barinta a gaban mota cikin ranar bazara, gilashin ne ke fara baƙi sannan batir ya zubar da ruwa.

Amma abinda ya fi damuna da aikinku ba faɗuwar bace. Wutar fanel ɗin sola DC ce, mai tafiya gefe ɗaya, ita ba kamar AC ta Nepa bace da ke komawa sifili sau 100 a daƙiƙa har tartsatsi ya samu damar mutuwa, in ta kama sai ta zarce kamar walda. Fanel goma sha biyu a jere sun wuce bolt 500 cikin sauƙi. Don haka amfiyar jerin fanel kar ka auna ta da ramin 10A, ka nemi mita mai baki irin wadda ake maƙalawa a waya, ka tabbatar tana karanta DC don da yawansu AC kawai suke ji.

Batun 185 kuwa wataƙila lafiyarta ƙalau. Inbata mai araha ba ta fitar da wuta sumul irin ta Nepa, tsalle-tsalle take kamar matakala, mitar da ba True RMS ba, wato wadda ba ta iya auna wuta kowace irin siffa daidai, ita kuma lissafinta na wuta sumul ne, sai ta nuna 180 ko 190 alhali 230 ce. Aro mai True RMS ka sake aunawa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana ne ya fara koyon wayarin, ubangidansa ya bashi tsohuwar mita, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Akwai yadda zai gwada ta a gida?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya yi masa albarka. Gwajin bolt 6,000 dai ba na gida bane, kar ma wani ya ce zai gwada masa da kwayil ɗin mota. Amma akwai abinda zai iya kullum da safe. Ya juya ta kan om ya haɗa bakin wayoyin biyu, ya ga ƙasa da rabin om, yana yi yana lanƙwasa wayar daga sama har ƙasa, in lambar na tsalle to ta karye a ciki, a yar, ba a naɗe ta da salatif. Tsinin wayar na aikin allon rarraba wuta bai kamata ƙarfen da ke waje ya wuce milimita 4 ba, dogon tsini shi ke haɗa layi biyu in hannu ya goce. Ya buɗe ya duba fiyus, don tsofaffin mitoci sau da yawa za ka tarar wani ya naɗe wurin da zaren waya ko takardar sigari, in ya ga haka kar ya kai ta kusa da wutar Nepa sai an sa na ainihi. In alamar batir ta fito ya canza nan take, ƙananan mitocin nan in batir ya yi sanyi ƙarya suke, su nuna fiye da abinda ke akwai.

Sannan duk lokacin da zai taɓa waya da hannu, ya fara auna soket ɗin da ya san akwai wuta ya ga mitar ta nuna, ya auna wayar da zai yi aiki a kai, ya sake komawa soket ɗin farko ya ga har yanzu tana nunawa. Mitar da ta mutu ita ma sifili take nunawa, daidai da layin da aka kashe. Ki ce masa ya tambayi ubangidan nasa CAT nawa ce, in II ce ya tsaya a soket da kayan gida tukuna, allon rarraba wuta ya jira sai an saya masa CAT III 600V.