Fuloti uku na awon igiya, ko ɗaya mai takardar gwamnati?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yi ritaya, an biya ni kuɗin sallama, ina so in sa su a fili kafin su zube. Dillali ya kai ni bayan gari a nan Kano, ya nuna mini wata gonar gado da aka yanka. Kuɗina za su sayi fuloti uku a can, da takardar ciniki da sa hannun mai unguwa. Akwai kuma fuloti ɗaya mai takardar gwamnati a wata unguwa, amma shi kaɗai zai cinye kuɗin. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a abin da aka samu. In wannan kuɗin shi ne iyakar abin da ke hannunka, ɗauki fuloti ɗayan. Ba wai awon igiya ba ya riba ba ne. Unguwanni da yawa a Kano da haka suka tashi, kuma waɗanda suka saya da wuri sun ci moriya. Sai dai ciniki ne na mai rarar kuɗi, wanda ko fuloti ɗaya ya salwanta ba zai hana shi barci ba.

Tun 1978, lokacin mulkin soja na Obasanjo, dokar amfani da ƙasa ta damƙa duk filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke riƙewa izinin zama ne, galibi na shekara 99. A yankin da aka ayyana birni gwamna ke bayar da shi, a karkara kuma ƙaramar hukuma. Mai unguwa ko dagaci shaida ne kawai cewa an yi ciniki a gabansa, sa hannunsa ba ya ba ka mallaka. Ran da gwamnati ta ce titi ko makaranta za ta bi ta wurin, diyyar da doka ta tanada ta gini ce da amfanin gona da aikin da aka yi a kai. Mai fili fayau ba ya samun abin kirki. Shi kuwa awon igiya, da yake ba hukumar tsara birni ce ta fitar da shi ba, ba ka san inda titi zai bi ba, sau da yawa ma lungun da aka bari mota ba ta shiga.

Abin da ya fi tsaya mini a tambayarka shi ne kalmar da dillali ya faɗa a gurguje: gonar gado ce. An raba gadon? Wa ya raba, kuma ina takardar kotu? Shari'un fili da yawa da ke jan shekaru daga nan suke farawa. Babban wa ya sayar, 'yan'uwa mata da ke gidajen aure ba su sani ba, ko akwai marayu da ba su balaga ba, ko wani ɗan'uwa yana Legas. Bayan ka yi katanga sai sammaci ya zo. A mazhabar Malikiyya kuma akwai shufu'a: idan ba a raba dukiya ba, ɗaya daga cikin masu tarayya ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa na da damar mayar maka da kuɗinka ya karɓi filin. Kuɗin da ka biya za a ba ka, ba farashin da filin ya kai ba. In har zuciyarka na can, sai ka ga takardar rabon gado da idonka, kowane magaji ya sa hannu, ka kawo safiyo naka ya ɗauki awo a duba ko wurin na cikin filin da gwamnati ta riga ta karɓa. Ka kuma je da damina, bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Da rani kowane kwari fili ne mai kyau.

Shi ma mai takardar, kada ka biya don an nuna maka kwafi. Takardun bogi sun yi yawa, kuma akan sayar wa mutum biyu ko uku fuloti ɗaya. Ɗauki lauya ya yi bincike a KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jihar Kano, da lambar fayil: sunan wa ke kai, an jinginar da shi a banki, akwai bashin harajin ƙasa da ya taru, na gidan zama ne ko na kasuwanci? Tambayi kuma asalin wurin. Rusau ɗin da aka yi a Kano a 2023 ya shafi gine-ginen da masu su ke riƙe da takardu, amma sabuwar gwamnatin lokacin ta ce filayen jama'a ne aka yanka. Duk fulotin da aka ɓanɓaro daga makaranta, maƙabarta, filin idi ko jikin badala, ka bar shi ko da wane hatimi ne a kai. Bayan ciniki, doka ta ce sai da amincewar gwamna ake mayar da izinin zuwa sunanka. Mutane kan tsallake wannan saboda kuɗi da zirga-zirga, sai ranar sayarwa ko rabon gado a tarar har yanzu sunan mutumin farko ne a fayil.

Wani abu da ba ka tambaya ba, Alhaji. Fili ba ya kawo kuɗin cefane. Yana kare dukiya daga faɗuwar naira, wadda kowa ya ɗanɗana tun 2023, amma ran da buƙata ta taso, rashin lafiya ko auren 'ya, ba a sayar da shi a mako guda sai an karya farashi. In fanshonka ba ya isar gida, nemi fulotin da bai kai duka kuɗin ba. Dama akwai la'adar dillali, kuɗin lauya da safiyo, kuɗin canja suna, da katanga, don filin da aka bari a buɗe maƙwabci kan ci iyakarsa ko ya zama juji. Duka waɗannan ka cire su tun kafin ka taya. Biyan kuma ka yi shi ta banki, zuwa asusun mutumin da sunansa ke kan takarda, ba na dillali ba.